Inna, Na Mayar da Langar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna, a makwancinta na Kano. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, da fatan rahamar Allah tana sauka a kanki safe da yamma, ina mai sanar da ke a hukumance, tare da duk masu leƙen wasiƙar nan a shafina, cewa yau da hantsi an kawo ƙarshen wani babban lamari da ya daɗe yana jiran hukunci a saman firijinmu. Na mayar da langar.

Kin san wadda nake nufi. Langar silba mai hawa uku, mai marfin nan da ba ya zama sai an dake shi da tafin hannu. Ta Amaci, tsohuwar nan 'yar Indiya ta cocin da ke bayan gidanmu. Ita ce maganarki ta ƙarshe da ni a filin jirgi, bayan kin gama tofe jikarki, takwararki, da addu'a: “Babana, ka mayar wa baiwar Allah da langarta. Kuma kada ka kai ta wayam, ba a yi.” Na ce to. Kin san irin “to” ɗina.

Ban mayar ba, kuma ba mantuwa ba ce. Yau zan faɗa miki dalilin ƙarara, tunda da kina raye bakina bai iya ba. Ina zargin matar nan da ƙoƙarin raba ki da addininki a ƙarshen rayuwarki. Ginin ma kansa ban bar shi ba, har shi na zarga.

Saboda masu karatu, bari in koma baya kaɗan. Kin zo Kuala Lumpur ne don jegon Rabi, matata, tunda tata mahaifiyar ta riga mu gidan gaskiya. Arba'in za ki yi ki koma. Sai korona ta sauka, aka rufe filayen jirgi, aka kafa dokar kulle. Ke da kika saba da tsakar gida da kaji da maƙwabta masu shigowa ba sallama, sai ga ki a hawa na bakwai a unguwar Setapak, cikin gidan da kika raɗa wa suna kejin tantabaru.

Rigimarmu ta farko a kan alƙibla ce. Asubar farko kika leƙa taga, kika ga ta inda gari ke wayewa, kika shimfiɗa darduma kika fuskanci can. Na nuna miki 'yar kibiyar da ke manne a silin, wadda kusan kowane ɗaki a ƙasar nan yake da ita. Tana nuna yamma. Na ce miki a nan Makka tana wajen faɗuwar rana ne. Kika dubi kibiyar, kika dube ni, kika ce, “Dakta, tun kafin a haifi mai sunanka rana ke fitowa ta wajen alƙibla. Ba don ka hau jirgi za ta sake hali ba.”

Ba kya kirana Dakta sai in za ki tuna mini cewa ban gama digirin ba.

Na nuna miki a waya, kika ce wayar da ke yi miki ƙaryar caji ba ita za ta nuna miki Ka'aba ba. Na ɗauko lemon zaƙi, na zana Kano da biro, na zana Makka, na zagayo ta ɗaya gefen na zana Malesiya. Na yi miki lacca irin wadda ɗalibaina na gida ke gyangyaɗi a cikinta. Kika saurara har ƙarshe. Sannan kika karɓi lemon kika ɓare, kika miƙa wa Rabi Malesiya saboda ita ce mai jego, ke kuma kika sha Kano. Haka muka ci gaba, ni da Rabi muna fuskantar yamma a falo, ke kina fuskantar gabas a ɗaki, kowa yana nema wa ɗan'uwansa shiriya.

Da aka sassauta dokar, likita ya ce gwiwoyinki na bukatar tafiya. Kika fara fita da safe, da takunkumi a haɓa maimakon hanci, kina zagaya layin bayan gida. Wata rana kika dawo fuskarki a sake, kika ce, “Babana, ashe akwai masu hankali a garin nan. Na ga masallacin da ya san gabas.” Kin ga takalma a jere a ƙofa, kin ga mata da mayafi a gefe guda, maza a nasu gefen, kin ga ana kai goshi ƙasa ta wajen fitowar rana, kin ji karatu mai kama da Larabci. Na ce miki coci ne. Kika ce, “Coci da cire takalmi? Kai dai ba ka son a fi ka sani.”

Washegari na tsaya a tagar kicin, wadda ke kallon harabar cocin daga sama. Na gan ki kin shiga ta ƙaramar ƙofa. Na gan ki kin yi alwala a famfon da ke gindin bishiyar mangwaro, kin hau barandar gefe, kin shimfiɗa mayafinki, kin ta da sallar walha kina fuskantar bangon da gicciye ke samansa. Sai ga wata tsohuwa da farin sari, Amacin nan, ta fito, ta tsaya a bayanki tana jira. Da kika sallame ta dafa kafaɗarki, ta ja ki can cikin barandar inda rufi ya kare mini ku. Tun daga ranar ban sake ganin abin da kike yi a can ba. Silifas ɗinki kawai nake hangowa a bakin matakala, kusa da nata.

Inna, kin haifi mutum mai karatu, kuma mai karatu in ya tsorata bincike yake yi. Na zo ƙasar nan ne don nazarin yadda iska ke shiga tsofaffin gine-gine, amma a watannin nan na ajiye nawa aikin na koma kan cocin ƙawarki. Na karanta duk abin da na samu. Sunan ɗariƙarsu Otodoks, asalinsu daga Kerala ne, can kudancin Indiya. Suna cewa addinin ya iso musu ta jirgin ruwan fatake, a hannun ɗaya daga cikin Hawariyawan Annabi Isa, tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarsu. Karatun da kika ji kuwa Suriyanci ne, ɗan'uwan Larabci na jini. Suna azumi mai tsawo, suna da lokutan addu'a a yini, suna sujada. Wani zai karanta wannan hankalinsa ya kwanta. Ni sai na ce, lallai an daɗe ana shirya wannan tarko.

Na nemi shawarar Bitrus, maƙwabcinmu mutumin Jos, wanda kike ajiye wa ƙanzo. Na ɗauka zai kare su. Sai ya riƙe baki ya ce, “Oga, ni ma na taɓa shiga sau ɗaya. Babu ganga, babu fiyano, babu wajen zama, fasto da gemu har ƙirji. Na ce abeg, coci na shigo ko makarantar allo? Ka yi hankali da su, ni ban gane musu ba.” Shi yana zargin Musulmi ne suka ɓad da kama don su kwashe Kiristoci, ni ina zargin Kiristoci ne suka ɓad da kama don su kwashe mini uwa. Muka zauna a kedai ɗin mamak, shagon shayin da ke ƙasan gida, tebur a tsakaninmu kamar yadda doka ta ce, muna shan shayi muna gyaɗa kai. Ban taɓa ganin haɗin kan addinai irin na wannan rana ba.

Sai langar ta fara zirga-zirga. Ranar farko ta zo da wata farar waina mai laushin tsakiya da miyar kifi ja wur. Na buɗe hawa-hawa ina shinshinawa kamar ma'aikacin kwastan. Na tambaye ki ko kin san abin da aka sa a ciki. Kika ce, “Kifi ne, Babana. Ka taɓa ganin kifin da ke zuwa coci?” Kika ci, Rabi ta ci, ni na ce na ƙoshi. Ina so ki sani yau cewa ragowar da kuka nema da yamma kuka rasa, ba kyanwar maƙwabta ba ce. A hawa na bakwai muke.

Kika mayar da langar da tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Ta dawo da ayaba soyayya. Ta koma da dambun nama. Ba ki jin Turanci, ita ba ta jin Hausa, amma sai ki dawo da labari cikakke: mijinta ya rasu, ɗanta yana Ostireliya ba ya kira, ita ma gwiwarta ta hagu ce ke damunta. Na ce da wane yare take faɗa miki duk wannan? Kika ce, “Da yaren tsofaffi. In ka kai za ka iya.” Kika ƙara da cewa kin yi mamaki, domin da kin zaci Indiyawa duk rawa suke yi a kan dutse.

Na ga abin ba na karatu daga nesa ba ne, sai na shirya leƙen asiri. Na rataya jaka, na ɗauki ma'aunin iska da katin makaranta, na je na ce wa limamin cocin ina bincike kan tsofaffin gine-gine. Ba ƙarya na yi ba, gaskiyar ce dai na aika aikin da ba nata ba. Dattijo ne mai baƙar riga har ƙasa da 'yar hula, gemunsa ya cika takunkumi har ya zubo ta gefe. Ya auna zafin jikina, ya nuna mini inda zan ajiye takalmi.

Dole in yi adalci, Inna, ginin ya yi kyau. Fuskarsa fara ce, samanta ya lanƙwasa hagu da dama kamar kafaɗun mai babbar riga. Rufin jajayen tayil ne na yumɓu, ya sauko ƙasa sosai har ya lulluɓe barandar gefe, kan ginshiƙan katako da hannayen mutane suka goge har suna ƙyalli. A tsakar harabar akwai gicciyen dutse, gindinsa da 'yan ramuka da ake zuba man kwakwa a kunna. Ƙofar shiga tana yamma. Kana shiga sai ka ga fili kawai da tabarmi, sai benci ɗaya a baya don masu ciwon ƙafa. Wata fitilar tagulla mai hawa-hawa tana rataye a tsakiya. Can gaba, ta gabas, matakala ce da jan labule babba wanda ya rufe ɗakin da liman kaɗai da masu taya shi ke shiga, kuma rufin wannan ɗaki ya fi na sauran ginin tsawo. Ƙamshin turaren wuta ya kama bango, irin wanda kike sa wa a kasko ranar Juma'a. Tagogin katako ne masu tsaga-tsaga, sama da ƙasa. Ko fanka ba a kunna ba, amma iska tana ratsa wurin kamar an biya ta. Na duba ma'aunina, na ji haushi.

Limamin ya ba ni tarihin yana tafe yana nunawa. Kakanninsu sun zo ne a zamanin Turawa, akawu-akawu da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti, wasu a gonakin roba, wasu a reluwe. Sun fara taruwa a falon wani akawu, suna ture kujeru gefe. Daga nan suka yi rumfar katako da rufin ganyen kwakwa. Ya ce lokacin yaƙin Japan an sauke ƙararrawar an ɓoye ta a rijiya don kada a narkar da ita, shi ya sa har yau muryarta ke da 'yar dishewa. Bulo kuwa karo-karo aka yi, tayil ɗin daga Indiya aka kawo su a cikin jirgin ruwa. A da, in ji shi, daga matakalar nan kana hango gonaki. Yanzu dogayen gidaje sun kewaye shi, jirgin ƙasa na wucewa ta sama, cocin ya zama kamar tsohon da jikoki suka fi tsawo. Ina rubutawa, ina jiran inda zai yi suɓul da baka ya faɗi shirinsu a kan tsofaffin Kano. Bai faɗa ba. Na ce lallai ƙwararre ne.

Ina durƙushe ina auna taga sai na ji an tsaya a kaina. Amaci ce, da tsumma da man goge tagulla a hannu. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce da Turanci, “Goshin mahaifiyarka ne da kai. Ita ma haka take tamke shi in ba ta yarda da abu ba.” Ta wuce abinta. Nan leƙen asirina ya ƙare.

Amma da zan fita na bi ta barandar gefe, kuma a can na ga abin da ya hana ni sukuni. Ƙasan cocin duk an manna ruwan ɗorawar tef, alamar inda kowa zai tsaya nesa da wani. A kusurwar baranda kuwa, ga wata tabarma a naɗe, sabuwa, da carbinki na katako a kanta. Daga ƙarƙashin tabarmar wani jan tef ya leƙo, layi biyu sun gitta juna. Ja, shi kaɗai, daidai inda goshin mai sujada zai sauka. Limamin yana bayana, ban iya ɗaga tabarmar ba. Ban ma ga bukatar ɗagawa ba. Na riga na san abin da na gani: an zana wa uwata gicciye tana kai goshinta a kai.

A cikin makon nan ne kuma kika juya. Na shiga ɗakinki da azahar na tarar da ke kina fuskantar yamma, daidai kibiyar silin, kamar tun can haka kike yi. Da kika idar na ce, Inna, yau kuma? Kika ce, “An nuna mini.” Na ce wa? Kika ce, “Wanda ya iya nunawa.” Kika ci gaba da jan carbi. Ɗa nagari zai yi hamdala. Ni sai na ce a raina, to, yanzu har akwai wanda ke koya mata addini ta ji, ni ɗanta ta ƙi ji. Haka suke farawa, da gaskiya ɗaya, don a yarda da sauran.

Na gaya wa Rabi cewa a ƙasar nan hukuma ba ta wasa da mai jan Musulmi zuwa wani addini, kuma na san ofishin da ake kai irin wannan magana. Tana ba jaririya nono, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Ka kai ƙarar tsohuwa saboda miyar kifi? Allah ya kiyaye hanya. In ka dawo ka yi tapau, ka sayo abincinka a waje, don tukunyata ba ta san ka ba.” Ban je ba. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, amma kin san Rabi.

Ke kuma na zo miki ta bayan gida. Na ce Inna, cutar nan tsofaffi take kamawa, ki rage fita. Kika daɗe kina kallona, irin kallon da kike yi mini ina yaro in na ce ba ni na taɓa nama ba. Kika ce, “Babana, korona ce ke damunka ko gicciye?” Na ce korona. Kika ce, “To Allah ya sawwaƙe maka ita.” Da safe kika ɗauki mayafi kika fita. Wannan ita ce damar da na samu in tambaye ki kai tsaye, na bar ta ta wuce. Yaya ɗa zai dubi uwar da ta koya masa Fatiha ya ce mata, har yanzu kina nan kuwa?

Da aka samu jirgin da ke kwashe 'yan Najeriya, kika tafi. Kika kira daga gida kina dariya, kika ce kin dawo ƙasar da rana ta san aikinta. Muka yi ta cewa sai mun zo. Ba mu zo ba. 'Yar rashin lafiya kika yi, ƙanwata Ladi ta kira, kafin in gama neman izinin fita an riga an kai ki. A waya na ga makararki, hoton yana tsayawa yana tafiya.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, ko Rabi. Duk sanda na ɗaga hannu zan yi miki addu'a, jan tef ɗin nan sai ya faɗo mini a rai. Ladi ta ce da kalmar shahada kika cika. Na yarda. Amma akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ke cewa, me aka yi a barandar nan? Shi ya sa langar ta zauna a saman firiji. Ba na son ganinta, ba na son ganin mai ita.

Jiya Rabi ta sauke ta, ta wanke, ta cika ta da dambun nama da alkaki. Ta ajiye a gabana ta ce, “Wasiyya ce. Ko ka kai, ko in goya yarinya in kai, in kuma gaya mata dalilin da ya sa ka ƙi zuwa.”

Yau na samu Amaci a barandar tana tsince shinkafa a faranti. Ta ƙara tsufa. Ta ga langar kafin ta gan ni, ta tafa hannu, ta ce, “Hajja ta dawo? Yaya gwiwar?” Inna, ashe babu wanda ya gaya mata. Ni ne ya kamata in gaya mata, ina sama a hawa na bakwai ina harararta ta taga. Na faɗa mata. Ta ajiye farantin a hankali, ta ja gefen sarinta ta rufe kanta. Ni ma na zauna a matakala, inda silifas ɗinki ke zama.

Can ta miƙe ta je kusurwa. An janye dokar yanzu, an ɓamɓare duk ruwan ɗorawar tef ɗin nan, amma tabarmarki tana nan a naɗe. Ta ɗaga ta. Jan tef ɗin dogo ne, ya taho tun daga bango, a ƙarshensa gajeru biyu sun haɗu sun yi tsini, bakinsu ya ɗan zarce juna saboda hannun da ya manna su yana rawa. Kibiya ce. Ta ba wa jan labule da gicciye baya, tana nuna yamma.

Ta ce ita ma'aikaciyar jinya ce har ta yi ritaya. Ta ce ba ta san adadin gadajen da ta juya ba don Musulmi mai barin duniya ya fuskanci alƙibla, in danginsa ba su iso ba. “Ranar farko na ga tana salla tana kallon wajenmu,” in ji ta. “Na ce a'a, Hajja, wannan namu ne, naku yana can. Na juya ta, ta juyo. Na sake juya ta, ta sake juyowa. Taurin kai, lah! Kwana da kwanaki muna wannan.” Har ta fara dariya tana share ido.

Na ce to yaya aka yi kika yarda? Ta ce rannan ta gaji, sai ta kama hannunki kuka tsallaka layi zuwa surau, ƙaramin masallacin unguwa, wanda ƙofarsa ke kallon ƙofar cocin. Yana kulle a lokacin. Ta zagaya da ke ta bayansa, ta nuna miki inda bango ya turo waje, wurin tsayuwar liman. Ta wajen faɗuwar rana yake. Ta ce kin ɗora tafin hannunki a kan bangon, kin dubi rana, kin sake duban bangon, kin yi wata doguwar magana da yarenku wadda ta tabbata faɗa ce. Washegari ta sayo tabarma, ta roƙi limamin cocin ragowar jan tef.

Shekara nawa ina karantar gine-gine, Inna. Kullum ta gaban masallacin nan nake wucewa in hau jirgin ƙasa zuwa makaranta a Jalan Semarak. Na kawo miki waya, na kawo miki lemo, bai taɓa zuwar mini in kai ki ki taɓa bango ba.

Ta ce duk sanda tef ɗin ya fara ɗagowa sai ta sake manna wani, ko za ki dawo. Ta miƙo mini carbinki, wanda kika bar mata ajiya. Sannan ta shimfiɗa tabarmar a kan kibiyar, ta koma can nesa ta juya baya, kamar yadda ta ce takan yi miki. Lokacin walha bai fita ba. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na zaro waya a ɓoye na buɗe manhajar alƙibla na ɗora a kan tef ɗin. Ɗanki ne dai, ba a sake ni ba. Allurar ta yi rawa, ta yi rawa, ta kwanta a kan jan layin kamar tare aka zana su.

Na yi raka'a biyu a inda kike yi. Na ɗaga hannu na yi miki addu'a, kuma babu abin da ya faɗo mini a rai sai fuskarki kina ɓare lemo.

Sanarwar da na buɗe wasiƙar nan da ita tana bukatar gyara. Na mayar da langar, gaskiya ne, amma ga ta nan a kan tebur ina rubutu. Amaci ta juye dambun, ta shiga gida, ta fito da ita cike da farar waina da miyar kifi. Na ce ta bar shi. Ta tamke goshi irin naki, ta ce a garinsu ba a yi. Rabi ta ce ranar Asabar za ta yi tuwo, kuma takwararki ce za ta riƙe marfin, tunda yanzu tana tafiya.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi fiye da tsakar gidanmu. Ya karɓi sallolinki, na yamma da na gabas, domin duk shi kike nufi. Ya saka wa wadda ta juya ki da mafificin alheri, ya shiryar da mu baki ɗaya, ya fara da mai wannan rubutu. Ya haɗa mu a inda babu kulle, babu jiran jirgi.

Kin tambaye ni ko korona ce ke damuna. Ba ita ba ce. Ni ne na yi kuskure.

Ɗanki,
wanda kike kira Babana, kuma har yau bai zama Dakta ba.